Takobin da Kanar Ya Hana

"Kowa ƙasa! Wanda ya motsa ya sha dalma!"

Da rana tsaka suka faɗa falon, fuskokinsu a rufe. Kunama ne a gaba, shugaban ƙungiyar, gajere mai zafin kai. Kofur na biye da shi, dogon korarren soja, bindiga a hannu ɗaya, buhu a ɗayan. Mai aikin gidan ta saki farantin shayi, ta kife a ƙasa tana salati.

Mai gidan kuwa ko gezau. Tsohon Kanar ne, furfura fara fat, yana zaune a kujera da takobi bisa cinyarsa, yana goge shi da mai.

"Baba, kurma ne kai?" in ji Kunama.

"Na ji ka, yaro. Da hanci kake magana ne, ban gane ba."

Kunama ya kai wa akwatin gilashin da ke jikin bango duka da gindin bindiga, tartsatsi ko'ina! Takubban hafsoshin da ne jere a ciki, masu ƙotar tagulla. Wani dillalin kayan tarihi ya yi musu alkawarin kuɗi mai tsoka a kansu.

"Kwashe, Kofur! Sauri!"

Kofur ya rataya bindigarsa ya fara ɗauka. Shi kansa bai lura ba, hannu biyu yake sa wa kowane takobi, ba ya barin bakin kube ya taɓa ƙasa. Hali zanen dutse. Kanar ya zuba masa ido.

Kunama ya fizge buhun, ya ruga ya jefa wa Direba, na ukunsu da ke jira a mota, ya dawo yana haki.

"Saura na cinyarka, tsoho. Shi dillali ya fi so. Miƙo!"

"Hafsa ba ya miƙa takobinsa sai ya yarda an ci shi da yaƙi," in ji Kanar. "Wanda ya bar mini wannan, a gabana harsashi ya same shi, bai sake shi ba sai da ya damƙa mini. Ni zan ba ɓarawon kaji? In kana so, ɓamɓare shi daga hannun gawata."

"Haka ka ce? Kofur, fasa masa kai mu ware!"

Kofur ya ɗaga bindiga. Ya tsani hafsoshi, su suka tuɓe masa kaki a gaban abokansa saboda laifin da manya suka yi tare da shi. Yau ga ɗaya a bakin bindigarsa. To me ya hana yatsan motsi?

Kanar ya miƙe, ya daka tsawar fareti da ta girgiza labule.

"Soja — ƙame!"

Ƙas! Dugadugan Kofur suka haɗu. Ƙirji ya fito, bindiga ta sauka gefe. Jiki ya riga hankali amsawa.

Kunama ya saki baki. "Kai, mahaukaci ne? Fareti muka zo yi?"

Kunya ta kama Kofur, sai kuma wani daɗi da ya manta ɗanɗanonsa. Rabonsa da a kira shi soja har ya manta. Ya cire ƙyallen fuskarsa ya yar.

"Oga, bar masa wannan. Wanda muka samu ya isa."

"Ni kake ba oda? Matsa!"

"Ba inda za ni."

"Ashe da munafuki nake yawo!"

Kunama ya auna tsohon. Kofur ya yi tsalle ya shiga tsakani — tau! Harsashin ya shige shi a ciki. Yana faɗuwa ya saki nasa, ya ragargaza wa Kunama gwiwa.

A waje Direba ya ji harbi, ya ji jiniya daga nesa, don maƙwabta sun riga sun buga waya. Bai jira kowa ba, ya taka mota ya fece da buhun. Kunama ya ja ciki har bakin ƙofa yana ihu, "Dawo, ɗan iska!" Ankwa ce ta amsa masa.

Direba bai yi nisa ba ya afka kwalbati, aka tsamo shi da karyayyen ƙugu. Kunama ya rasa ƙafa, ya rasa 'yanci. Kofur kuwa ya cika a kan dardumar falon, kansa bisa cinyar Kanar.

'Yan sanda biyu suka kama ƙafafunsa za su ja shi waje.

"Ku sake shi!" in ji Kanar. "A kafaɗa za ku ɗauke shi."

"Ranka ya daɗe, ɗan fashi ne fa," in ji Sufeto.

"Na san ko wane ne. Na ce a kafaɗa!"

Ba wanda ya motsa. Tsohon ya sunkuya, ya tallabo kafaɗun Kofur shi kaɗai. Sufeto ya dubi yaransa, ya cire hula, ya kama ɗaya gefen.