Shafin Da Gara Ta Ci

A wani gari can da, an yi wani tsohon malamin makaranta, Malam Jatau. Ya ba 'yan aji ɗaya aron littafinsa mai hotuna, labarin yarinyar da ta shiga ƙwarya ta bi kogi. Ran nan ya ji gara ta cinye shafin ƙarshe. Ya ɗauki sandarsa, sai makaranta.

"Malama, shekara talatin ina adana littafin nan! A ba ni abina yanzu."

Malamar ajin ta russuna. "Baba, a bari su yi masa karatun ban kwana."

Yara suka bi hotuna har inda gara ta tsaya. Sai Kande ta ce, "Ƙwarya ta kai ta garin kifaye, suka yi mata kitso."

Malam Jatau ya ce, "A wane shafi kika gani?"

"Shafin da gara ta ci, Baba."

Tanko ya ce, "A'a, kogin ne ya hau sama, ta tatsi gajimare."

"A wane shafi?"

"Shafin da gara ta ci, Baba."

Malam Jatau ya dubi littafin. Shekara talatin, ƙarshe ɗaya kaɗai ya sani. Ya jingine sanda, ya zauna kan tabarma a tsakiyarsu.

"To, Kande, da suka gama kitson, sai me ya faru?"