Gizo-Gizo Mai Ƙafa Shida

Ranar da Malama ta fara shiga shagon Mai Zane, aikin kati arba'in ta kai masa, gaba hoto, baya suna, don 'yan aji uku su riƙe darasin kimiyya. Bawan Allah ya tsaya kallonta har fenti ya bushe a buroshi.

Katunan sun yi kyau, ba ƙarya. Sai dai gizo-gizo ƙafarsa shida, kifi kuma har da gashin ido.

"Ina sauran ƙafa biyun?"

"Takwas cunkoso ne, Malamata. Shida ya fi tsari."

"Ni ba malamarka ba ce. Gyara."

Sau huɗu tana dawowa gyara, tana fita da tsaki. A na biyar ita kanta ta rasa me ya kawo ta.

Ya turo saƙo: "Tauraruwata, yau na ƙirga ƙafar tururuwa saboda ke. Ta cije ni."

Ta amsa: "Allah ya ƙara. Ka ci abinci?"

Da maganar aure ta taso, matsalar ita ce Babanta. Shekara talatin ya yi yana koyar da kimiyya, kuma tsautsayi ya sa tsohon katin gizo-gizon nan ya faɗo daga jakarta a gabansa.

"Wanda ya rage wa halittar Allah ƙafa zan ba 'yata? Ga ɗan abokina likita yana jira."

Ta yi kuka, ta yi fushi, duk a banza. Da ƙyar Mama ta shawo kansa ya yarda a jarraba yaron da katunan.

Sati uku Malama tana ɗaga masa kati a bakin shago, kuma wallahi ya kai ta maƙura. Yau ya gane, gobe ya rantse jemage tsuntsu ne.

Ran jarrabawa ya amsa talatin da tara yana gumi. Baba ya kife na ƙarshe, ya jefo tambayar da ba ta cikin kati.

"Me ya sa ganye yake kore?"

Malama na bayan labule tana saurare.

"Ban sani ba, Baba. Amma in za ka koya mini, ina so."

Baba ya ajiye katin. Tun da ya yi ritaya, da ya fara bayani kowa a gidan sai ya tuna yana da aiki. Ya gyara tabarau.

"Jawo kujera, ɗana."

Awa biyu cur, Malama na tsaye tana cika tana batsewa, an manta da ita.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baba ya sa albarka har idonsa ya kawo ruwa, sannan ya tuna wa ango darasin Asabar. Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba amarya haƙuri da su biyun.