Rigunan Bikinsa

Fuskarsa ce ta fito a kan baƙar rigar, amma siraran layuka sun keta ta daga kunne zuwa kunne.

Auta ta zare rigar daga farantin injin, ta ɗaga ta wajen hasken taga. Ga shi nan yana murmushi irin na wanda mai hoto ya ce wa ya yi murmushi, amaryarsa ta jingina kai a kafaɗarsa. Farar tawadar da ake shimfiɗawa a ƙasan zane ba ta zauna ba, duk launin ya dushe.

Ta jefa rigar kan sauran da suka lalace.

"Ki kira shi," in ji Mama daga kujerar da take ninke riguna.

"Gara in mayar musu da aikinsu."

"Jibi bikin, Auta. Kin karɓa da bakinki."

Ta karɓa kam. Amaryar da kanta ta shigo shagon da ƙawayenta, tana ɗaga murya. "An ce ke kaɗai ke da injin da ke fitar da fuska tas a kan riga. Ko dai aikin zai miki nauyi?" Auta ta ga idanun ƙawayen a kanta, ta san abin da suka zo kallo. Sai ta miƙa hannu ta karɓi hoton.

Tun safe take sa injin ya wanke kansa, tawada tana ta tafiya a banza, gwajin layukan da yake bugawa a takarda yana ƙara fitowa da giɓi. Kuma duk garin mutum ɗaya ne ya san cikin irin wannan inji.

Injiniya.

Shi ya kafa mata shi bayan rasuwar Baba, lokacin aurenta bai daɗe da mutuwa ba, Yaya kuma yana ta matsa a sayar da shagon. Shi ya koya mata girgiza farar tawada kowace safiya don kada ta kwanta, da fesa wa riga ruwan share fage kafin bugu, da gasa ta a injin zafi bayan an gama. Da farko sai injin ya yi gardama yake zuwa. Daga baya ya fara zuwa ya ce wai ya ji wani sauti daga bakin titi.

"Kunnenka har titi yake jin injina?"

"Ba injin kaɗai yake ji ba, Autata."

Yaya ya ce ƙanwarsa ba za ta auri mai yawo da jakar sukundireba ba. Umman Injiniya ta ce ɗanta saurayi ba zai fara da bazawara ba, ga 'yar ƙanwarta nan a gida. Duk suka jure, suna lallashin kowa. Sai wata rana ya daina ɗaga waya. Ta kira har ta ji kunyar kanta. Labari na gaba da ta samu, an sa masa rana da 'yar ƙanwar Umman, wadda yanzu ta kawo mata hoton.

Yau ta ɗauki wayar ta kira shi. Wannan karon bugu ɗaya ya ɗaga.

"Injina ne," ta ce. "Fari ba ya fita."



"Kada ki ƙara sa shi wanki. Ga ni nan."

Ya shigo da sallama, jakarsa a kafaɗa. Ya rame. Ya durƙusa ya gaida Mama, ta amsa a taƙaice, ta ce bari ta leƙa maƙwabta.

Bai kalli Auta ba. Ya ɗauki takardar gwajin ya duba, ya buɗe murfin injin, ya tura kan da ke fesa tawadar gefe, ya haska fitilar wayarsa.

"Yaushe rabonki da goge robar nan?"

"Kullum ina gogewa."

Ya taɓa marufin robar da kan ke hutawa a kai, ya murza yatsunsa. "Ba laifinki ba ne. Marufin ya bushe ya tsage, ba ya kama kan da kyau. Iska tana shiga, famfo ba ya iya zuƙo tawada, ita kuma tana daskarewa a ƙofofin kan." Ya zaro sabo daga jaka. "Zan canza shi, in jiƙa kan a ruwan wanki. Sai mun ɗan jira."

Yana juyowa neman tsumma idonsa ya faɗa kan tulin rigunan da suka lalace.

Ya tsaya cak.

Ya ɗauki ɗaya a hankali, ya buɗe ta.

"Wa ya kawo miki wannan?"

"Amaryarka."

"Wallahi ban sani ba..."

"Na san ba ka sani ba. Ka gyara min injina kawai."

Ya ajiye rigar. Ya canza marufin, ya ɗiga ruwan wanki a ciki da sirinji, ya mayar da kan ya zauna a kai. Daga nan ba sauran abin da hannunsa zai yi. Ya zauna a kan kwalin riguna, ita tana tsaye jikin teburin kwamfuta, fanka tana juyawa a samansu.

"Ya gida?" ya ce da ƙyar. "Ya... maigidan?"

"Wane maigida?"

"Mijinki. Na ji kin koma."

"Na koma ina?"

Ya ɗago ya dube ta sosai, karo na farko tun shigowarsa. Ya zaro waya, ya lalubo wani hoto, ya miƙa mata. Ita ce a ƙofar shagon nan, kanta a sunkuye, tsohon mijinta yana tsaye dab da ita yana miƙa mata hankici.

"'Yar ƙanwar Umma ce ta ɗauka, ta nuna wa Umma, Umma ta nuna min. Ta ce kun shirya, har an fara maganar mayar da aure."

Auta ta daɗe tana kallon hoton. Ta tuna ranar. Ta tuna har rigar da ke kan injin a lokacin.

"Mahaifiyarsa ce ta rasu," ta ce a hankali. "Matar da ta riƙe ni kamar 'yarta lokacin da ɗanta ke wulaƙanta ni. Ya zo ya gaya min, na yi kuka, ya tafi. Ban sake ganinsa ba."

Injiniya ya miƙe, ya koma ya zauna. Ya dafe kansa da hannu biyu.

"Innalillahi... Auta..."

"Na kira ka."

"Na gani."

"Na kira ka har Mama ta ƙwace wayar daga hannuna."

"Na kasa ɗagawa. Na ji tsoron in ji shi daga bakinki." Ya ɗago kai. "Autata, zan fasa. Yanzu zan je in sami Umma, in gaya mata komai. Ko duk dangi za su juya min baya..."

Abin da ta kwana tana roƙon Allah ta ji ke nan, wata da watanni. Yau ga shi ta ji, sai ta ji zuciyarta ta yi nauyi maimakon ta yi sanyi.

"Da Ummanka ce ta raba mu, da na jira ka har tsufa," ta ce. "Da Yaya ne, da na san yadda zan yi da shi. Amma kai ne. An nuna maka hoto, ka yanke min hukunci, ba ka tako nan ka tambaye ni ba. Shagon nan bai tashi daga inda ka san shi ba."

"Na yi kuskure, masoyiyata. Ki yafe min."

"Na yafe maka." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Amma ni an taɓa zama da ni a gidan da kullum sai na rantse kafin a yarda da ni. Na san yadda yake cin mutum. Ba zan iya komawa ba, ko da kai ne."

"Ba zan sake ba."

"Gobe wani zai kawo maka wani hoton."

Ta ga idanunsa sun kaɗa sun yi ja, ta kawar da kai don kada ta karaya.

"Ruwan ya isa haka," ta ce. "Duba injin."

Ya tashi. Ya zuƙe ruwan, ya kunna injin, ya sa shi wanki sau ɗaya. Aka ji famfo ya kama da wani sauti mai kauri. Gwajin layuka ya fito cif, ba giɓi ko ɗaya.

"Zo ki gani," ya ce, bai juyo ba. "Nan ake danna marufin ya fita. Ga wani na bar miki a aljihun tebur. In kin ga bakinsa ya fara tauri, ki canza, kada ki jira ya tsage. Kada kuma ki taɓa ƙasan kan da tsumma busasshe."

"Na ji."

Ta shimfiɗa sabuwar riga a farantin, ta danna. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kallon kan yana kai da kawowa, fari ya shimfiɗu, launi ya hau, fuskarsa da ta amaryarsa suka fito tas.

Ya rataya jakarsa. A bakin ƙofa ya tsaya.

"In na fasa duk da haka fa?"

"Wannan tsakaninka da ita ne. Kada dai ka fasa don ni."

Ya fita.

Washegari da hantsi amaryar ta zo karɓar kaya, ita kaɗai. Ta zazzage rigunan tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, tana neman aibu, ba ta samu ba. Sai ta tsaya tana murza bakin wata riga. Auta ta lura idanunta sun kumbura.

"An ce ya zo nan jiya."

"Ya zo. Injina ne ya lalace."

"Tun da ya dawo bai yi wa kowa magana ba." Muryar ta yi ƙasa, babu sauran izzar ranar farko. "Me... me ya ce miki?"

Auta ta dube ta. Yarinya ce ƙarama, tsoro ya cika mata fuska. Kalma ɗaya daga bakin Auta ta isa ta rusa bikin.

Ta ja ledar, ta ɗaure bakinta, ta tura mata.

"Ya ce a riƙa wanke su a juye, da ruwan sanyi. Zanen ya fi daɗewa."

Amaryar ta ɗauki kayanta ta fita da sauri, ko sallama babu.

Sai da ƙarar motar ta ɓace Mama ta taso, ta rufe ƙofar shagon, ta zauna a ƙasa ta jawo 'yarta jikinta.

"Yi kukanki, Auta. Ba mai shigowa."