Injiniyan da Ya Kasa Ɗaga Kai

Tun zamanin da waya ke da maɓallai ne, a wani ɗan ɗakin koyon Turanci, ya fara ganinta. Gyaran fanka ya kawo shi, ita kuwa, malamar wurin, tana goge allo.

"Kai ne injiniyan?" ta tambaye shi.

"Da saura dai," ya ce, kansa a ƙasa.

Ashe wata jami'a a ƙasar waje ta ɗauke shi karatun injiniya, da sharaɗin ya ci jarrabawar Turanci kafin a rufe karɓar ɗalibai. Karatu, rubutu, saurare, duk ya haye. Ɓangaren magana ne ya kayar da shi. Mai jarrabawar dattijo ne mai furfura, shi kuwa bawan Allah bai taɓa doguwar magana gaban babba ba. Sai ya sunkuyar da kai yana amsawa da kalma ɗaya-ɗaya, wai ladabi.

Da ya ba ta labari, ta yi dariya har da riƙe ciki. Daga nan ya zama ɗalibinta. Daga ɗalibi kuma, kun dai san halin zuciya.

"Injiniyana, yau ka kalli idona kana magana. Saura na dattijo," ta rubuta masa.

"Malamata, naki ne mai wuyar," ya mayar.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta, tsohon malamin makaranta, ya ce atafau.

"Yaron da ko gaisuwarsa ba na ji? Ya kai ki ƙasar mutane, ciwo ya kama ki, da wane bakin zai nemo miki likita?"

Ta sha kuka, sannan ta share ido. "To Baba, kai ka yi masa jarrabawar."

Aka zaunar da saurayin a falo. Tsohon ya gyara tabarau, ya ɗaure fuska, ya jefo masa tambaya da Turanci: wai ya faɗi abin da yake tsoron rasawa.

Yaro ya sunkuyar da kai kamar kullum. Can ya jiyo motsinta bayan labule, sai ya ɗaga kai. Ya kawo yadda take dariya, yadda take gyara masa kuskure ba tare da ta kunyata shi ba, yadda jami'ar ma ba ta da daɗi in babu ita. Turancin na tuntuɓe, amma bai tsaya ba. Tsohon ya ɗaga hannu ya ce ya isa, ina, yaro ya ci gaba. Mahaifiyarta na kicin tana toshe baki don kar dariya ta fito.

Da ya koma ainihin jarrabawar, ya ci. Aka ɗaura aure kafin tafiya.

A filin jirgi tsohon ya riƙe hannunsa, idonsa ya yi ja.

"Ka riƙe min ita amana, ɗana. Kuma don Allah ka rage surutu."

Allah ya yi musu albarka, ya ba na baya irin wannan dace.