Barkono da Mai Leda

Ranar da Barkono ta fara ganinsa, tsaye yake a bakin ɗakin gwajinta, riƙe da wani abu fari siriri kamar ledar biredi, yana lallaɓa shi da hannu biyu sai ka ce jariri sabon haihuwa. Ta kalle shi daga ƙasa har sama, ta taɓe baki. Takalmin ya sha duniya, rigar aikin ta yi masa yawa, ƙafar tabaransa ɗaya kuma da waya aka ɗaure ta.

Ba banza ma'aikatan masana'antar suka laƙaba mata Barkono ba. Ita ce shugabar sashen tambari, inda ake buga zane a kan siririyar roba, a ɗora a jikin riga ko jarka, a danna da injin zafi, zanen ya koma can ya zauna daram. Ita ta haɗa wani ruwan shafi da ke sa tambarin ya jure wanki da guga ba tare da ya tsattsage ba. Ta san ta iya, ba ta kuma ga dalilin ɓoyewa ba. Samari nawa suka zo da fara'arsu suka koma suna sosa ƙeya!

"Sannu da aiki, ranki ya daɗe," ya ce. "Daga sabon sashen batir nake. An ce injinki ne kaɗai zai iya jan abu mai sirantaka haka."

"Bayan gini ake zubar da shara."

"Ba shara ba ce, shamaki ne. A cikin batir akwai ɓangare biyu da ba sa ga maciji da juna. In suka taɓa juna, wuta ce. Wannan shi ke shiga tsakani."

"Wato duk karatun da ka yi, a leda ya ƙare."

"Ke kuma naki a sitika," ya ce a natse, har da ɗan murmushi.

Masu aiki a ƙarƙashinta suka sunkuyar da kai, kowa na jiran saukar aradu. Ita kuwa sai ta matsa gefe, ta nuna masa injin da haɓa. Ba don Allah ta ba shi ba, so take ta ga ya ji kunya. Ya kuwa ji, don ko rabi ledar ba ta shiga ba ta yage gida biyu. Barkono ta yi dariya har da riƙe teburi. Daga ranar sunansa ya zama Mai Leda, shamakin nasa ma duk masana'antar ta koma kiransa leda, har shi kansa ya bi sahu.

Washegari ya dawo. Jibi ma ya dawo. Ta yi masa baƙar magana, ya mayar mata da fara, amma mai ƙaya a ciki. Abin da ya fi ba ta haushi, ba ya fushi kuma ba ya tsoro. Da ta shiga ofis wata rana da hantsi, sai ga saƙo a wayarta:

"Ranki ya daɗe, ledata ta sake yagewa. Na ce bari in sanar da ke da kaina, kada wani ya riga ki dariya."

Ta rubuta: "Allah ya ƙara. Ka rage gudun injin mana, malam."

"Ashe kina kallona."

"Injina nake kallo."

"To, ki gaishe min da injin. Ki ce masa tun jiya nake tunaninsa."

Ta jefar da wayar kan teburi, ta ja tsaki. Can ta ɗauka ta sake karantawa.

Akwai kuma Manaja, mai kula da ciniki, wanda turarensa ke riga shi shiga ɗaki ya kuma ƙi fita bayan ya fita. Bai san bambancin tawada da man inji ba, amma a gaban baƙi zai dafa ƙirji ya ce, "Wannan fasahar da muka ƙirƙiro." Barkono takan kalle shi yadda ake kallon ƙuda a bakin kofi. Shi kuwa ya ɗauka kunya ce irin ta mata, har ya kai gaisuwa gidansu sau biyu, Baba, mahaifinta, ya yaba da ladabinsa.

Mai Leda bai yi wani dogon shiri ba. A kan matakalar bene ya tare ta, tana ɗauke da kwalin samfuri.

"Kawo in riƙe miki."

"Ka riƙe ledarka tukuna, ita ma ta gagare ka."

"Barkono, ina sonki."

Ta tsaya cak. "Da wannan takalmin?"

"Da shi. In kin ce a canja, a canja. Amma maganar ba ta canjawa."

"Kai dai ba ka da hankali."

"Na sani. Mai hankali ai tuni ya gudu."

Ta miƙa masa kwalin da ƙarfi, ta yi gaba don kada ya ga fuskarta. Da yamma ta aika masa: "In har da gaske kake, Baba na gida ranar hutu. Ka wanke wannan rigar." Ya amsa: "An gama, Barkonona." Ta daɗe tana kallon wannan "na" ɗin na ƙarshe.

Baba tsohon mai gidan ɗab'i ne, har yanzu akwai baƙin tawada a gefen farcensa. A wurinsa, tun ranar da aka daina jera haruffan ƙarfe da hannu aiki ya mutu, sauran duk wasan yara ne. A wurinsa Barkono ta gaji baki. Ya zauna a kujerarsa ta falo, ya bar saurayin a durƙushe, ita kuma tana laɓe a bayan labule.

"Me kake ƙerawa?"

Mai Leda ya yi bayani.

"An gama?"

"Tukuna, Baba. Ana kan gwaji."

"Ana ganinsa a jikin batirin?"

"A'a, a ciki yake."

"Abin da ba a gama ba, kuma ba a gani." Baba ya gyaɗa kai. "Yaro, ka kasa raba ƙarfe biyu, shi ne ka zo haɗa gida? Tashi ka je. Wancan mai turaren ko ba komai an san me yake yi: surutu yake sayarwa, kuma ana saye."

Barkono ta ji kamar ita aka mara. Sai a ranar ta san yadda irin maganarta take a kunnen wanda aka yi wa.

Ba a yi nisa ba Manaja ya shigo ofishinta da fuskar ta'aziyya. "Ba na son shiga tsakani," ya ce, "amma 'yar mutunci kamarki ba ta cancanci haka ba." Ya miƙo waya. Hoton saƙo ne, da sunan Mai Leda a sama:

"Na gwada ta na gani. Kyanta a ido ne kawai, ba ta da juriya ko kaɗan. Da ta ji wuya sai ta saki. Ba zan ƙara ɓata lokacina a kanta ba, wata zan nema."

Ta karanta har ƙarshe. Da wata ce, da ta je ta tambaya. Amma Barkono ta tambayi namiji ko ita yake nufi? Allah ya kiyaye! Ta mayar wa Manaja wayarsa, ta sa aka rufe ɗakin injin, ta aika saƙo ɗaya: "Kada ka ƙara taka min ɗaki. Ka je ka nemi watar da ka ce."

"Wace wata?" ya rubuto. Shiru.

"Barkonona, in maganar Baba ce, ban yi fushi ba. Gaskiya ya faɗa, ban gama ba." Shiru.

"Ko zagina ne ki yi, na fi gane shi da wannan shirun."

Ta karanta duka, ta kife wayar. A gida Mama ta lura 'yarta ta daina kushe labaran talabijin, ta daina yi wa tela gori, abinci ma sai ta juya cokali ta tashi.

Ranar babban gwaji, shugabannin masana'antar suka taru a sashen batir, aka gayyaci duk shugabannin sassa. Barkono ta tsaya can baya ta harɗe hannu. Mai Leda ya rame, idonsa ya faɗa. Ya sa ƙaramin batirin gwaji a cikin tanda mai ƙofar gilashi, ya fara ƙara zafi. Da farko lafiya lau. Can sai batirin ya kumbura, hayaƙi ya turnuƙe gilashin, ƙararrawa ta ɗau kuka. Ledar ta yanƙwane, ɓangarorin biyu sun haɗu.

Babban darakta ya ce a sake gwadawa sau ɗaya, in ba a dace ba a rufe sashen. Manaja kuwa dariya ta ci ƙarfinsa.

"Ai ni na san za a rina," ya ce da ƙarfi. "Shi da kansa ya rubuta mana a guruf ɗinmu na ma'aikata a waya cewa ledar farko ba ta da juriya, wata zai nema. To ga ta biyun ma ta bi 'yar uwarta!"

Sai da ya rufe baki ya ga idon Barkono a kansa. Ta tako a hankali har gabansa.

"Ashe da leda yake."

"Wato... ni dai yadda na fahimta..."

"Kai ka taɓa fahimtar wani abu? Ƙaryar ma da ka yi, ka kasa riƙe ta a bakinka. Matsa min, turarenka ya fi hayaƙin nan hawa kai."

Bayan an watse ta sami Mai Leda yana kwashe ƙonannen batirin da awartaki. Ta tsaya a bayansa, ta buɗe baki ta rufe. Kalmar ba ta saba fita daga nan ba.

"Ka yi haƙuri," ta ce da ƙyar. "An nuna min saƙonka na leda, na ɗauka da ni kake."

Ya juyo, ya daɗe yana kallonta, sannan ya fashe da dariya, dariyar farko tun da ta rufe masa ƙofa. "Ke? Ba ki da juriya? Ke da kika iya yin gaba da mutum ba ki gaya masa laifinsa ba?"

"Ya isa. Sau ɗaya nake ba da haƙuri." Ta ɗauki guntun ledar ta murza a yatsa. "Tambarina yana shiga injin zafi ya fito bai motsa ba. Me zai hana mu shafa wa wannan abar taka ruwan shafina?"

"Zai toshe ƙananan ramukan da take numfashi da su. Batir ba zai yi aiki ba."

"Sai a tsinka shi, a rage masa kauri. Ko kai kaɗai ka yi karatu?"

Ba a dace da wuri ba. Na farko ya toshe kamar yadda ya ce, ta ce injin ne. Na biyu ya ɓare, ya ce laifin haɗinta ne, suka yi cacar baki har masu shara suka leƙo. Haka suka yi ta yi, ita ta tsinka, shi ya gwada, har ranar da batirin ya zauna a tanda ya sha zafi ya fito lafiya. Darakta bai yi tafi ba, cewa kawai ya yi a ci gaba. Wannan ya ishe su.

A falo ta sami Baba, ta durƙusa.

"Baba, ka yi min izini in yi magana. Mutumin nan ya faɗi a gaban jama'a, bai ɗora wa kowa ba. Na wulaƙanta shi ba gaira ba dalili, bai rama ba. Ni dai ban ga kamarsa ba."

Baba ya leƙo ta saman jarida. "Auta, ke ce kike yabon ɗan Adam?"

"Ka ji dai, Malam," Mama ta ce daga bakin ƙofa. "Yarinyar nan tun tana goye take harara. In ka bari wannan ya wuce, kai za ka zauna da ita har tsufa. Baki biyu irin naku a gida ɗaya, ni ina zan sa kaina?"

Baba ya ninke jaridar. "A ce ya turo manyansa," ya ce. "Mu ga ko su sun gama wani abu."

An ɗaura aure ranar da gari ya yi luf. Ma'aikatan sashen tambari suka zo da riguna iri ɗaya da suka buga da kansu, na sashen batir suka zo suna ta tsokanarsu. Manaja ya aiko cewa yana da taro. Da mota ta tsaya a ƙofar gida, aka kai ango da amarya gaban Baba su yi sallama. Barkono, wadda ba wanda ya taɓa ganin hawayenta, ta riƙe gefen rigar mahaifinta tana kuka kamar ƙaramar yarinya.

Baba ya dubi angon. "Kada ka ɗauka na yarda da aikinka. Har gobe ban ga abin da kake yi ba. Na ba ka ita ne don ita ta gani, kuma idonta ya fi nawa tsanani. Ka riƙe min ita da amana."

"In sha Allahu, Baba."

Ya ɗora hannunsa mai baƙin tawada a kan 'yarsa. "Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, masu kunya, ba irinmu ba."

Aka ce amin, ana dariya ana share ido. Baba ya juya fuska wajen bango yana laluben hankici.

"To me kuke jira kuma?" ya ce. "Ku tafi mana, kun tsare min iska."