Kuɗin Sojan Mainassara

Komi, magatakardan biro, ya juya babban littafi, ya nuna wa Iya Sa'a baƙin dangwalen yatsa.

"An karɓa tun watan jiya, Iya. Jika ɗari da ashirin."

Iya Sa'a ba ta san baƙi ba, amma ko zakka ta ranta wa mutum shekara goma, tana nan a kanta. Ɗanta na fari, ajidan ne a soja, ya mutu a yaƙin Aljeriya. Shekara goma sha shida matarsa Habiba tana bin kuɗinsa na baya, yau sun biyo amalanke daga Yekuwa zuwa Magariya, wai an riga su.

"Ke, ya sunan mijinki?" komi ya tambayi Habiba.

Habiba ta sunkuyar da kai. Ya dubi tsohuwa, ita ma ta kau da fuska. Wa ke faɗin sunan miji ko na ɗan fari?

Komi ya yi dariya. "Waccan da ta zo ta karɓa kam, da na tambaya, tar ta ce Mainassara."

"Yaro, ko kai ka ci?"

"Iya, da ni ne, in nuna miki littafi?"

Ta auna, ta ga haka ne. "Wa ya rako ta?"

"Wani ne, ya tsaya can gindin itacen bedi. Na ce wane ne wancan, ta ja mayafi ta ce, 'Shi ne.'"

Ba a ba da kuɗin sai da takardar soja, takardar kuwa tana adakar Iya Sa'a. Mutum biyu suka taɓa riƙe ta: Ajimi mai rubuta wasiƙa a bakin kasuwa, da autanta Inuwa, wanda ya karɓa wai zai kai Damagaram a buga hatimi.

Ta fara da Ajimi.

"Malam, ina iyalinka?"

"Haba Iya, shekara uku ina gwauro, ke ma kin zo gaisuwa."

Ta so a ce shi ne, amma gwauro ba ya da matar da zai rako. Suka koma gida.

Ta tarar da Saratu matar Inuwa tana surfe, shi yana gyaran igiyar sabon sa.

"Saratu, ya sunan mijin Habiba?"

"Mainassara mana, Iya."

"Wa ya kai ki Magariya watan jiya?"

Taɓarya ta tsaya. Saratu ta ja mayafi. "Shi ne."

"Na ji," in ji tsohuwa. "Sunan mijin wata ba ya miki nauyi, naki ne ke miki nauyi. Haka kika yi a gaban komi. Inuwa, san nan nawa?"

"Iya, fari ya cinye mini garke..."

"Habiba damina aka yi mata ita kaɗai? Nawa ya rage?"

"Jika arba'in."

Ba ta kira jandarma ba. Ranar kasuwa ta sa Inuwa ya ja san da hannunsa, ta haɗa da shanunta biyu na guzurin Makka. Ta ƙirga kuɗin dala-dala a tabarmar Habiba, ba ta ɗaga ido ba.

"Iya, ki bar naki," in ji Habiba.

"Ɗauki, 'yar nan. Ni na haifi wanda ya mutu, ni na haifi wanda ya ci."