Magen da Ta Ƙi Shiga Ɗakin Inna

"Ke amarya, ajiye kwanon nan!"

Zinnira ta tsaya cak a tsakar gida, kwanon kunu a hannunta. Uwaliya ce, yayar mijinta, wadda ta iso daga Gwarzo da safen nan, ko mayafi ba ta cire ba.

"Yaya, kunun Inna ne."

"Na san kunu ne. Abin da ke cikinsa ne ban sani ba! Tsohuwar da ke surfe da hannunta, daga fara cin girkinki sai ga ta a kwance? Barbaɗe ake yi mata, ba mai gaya mini wata magana!"

Zinnira 'yar Durun ce. Shekaru suka yi suna soyayya da Mudassir, autan Inna Marka, har yaran Durun suka haddace ƙarar mashin ɗinsa. Da kaka aka ɗaura auren, ana tsakar tattara wake, aka kawo ta Getso. A satin da ta shiga girki Inna ta fara ciwon kai da amai da nauyin ƙirji. An sha maganin zazzaɓi daga kemis, an sha na shawara, shiru kake ji.

Da Mudassir ya dawo daga shagonsa da la'asar, Uwaliya ta tare shi tun daga zaure. "Ka ji ni da kyau. In matarka ta ƙara taka ɗakin Inna, ko ta taɓa abincinta, a ranar za ta koma Durun. Ko ita ko mu!"

Ya sunkuyar da kai, ya wuce ɗaki. Akwai mazan da ke ganin shirunsu zaman lafiya ne, alhali kuwa wani ne ke shan wuyarsa.

A ɗaki Zinnira ta dube shi da hawaye. "Malam, kai ma ka yarda?"

"Ban ce na yarda ba. Amma filis, ki nisanci ɗakin, kar ki ja mana."

Ta kawo masa tuwo, ya ce ya ci a shago. Ta ga yadda ya kawar da idonsa daga kwanon, ta gane ƙarya yake yi. Wannan ya fi zagin Uwaliya yi mata ciwo.

Duk da haka ba ta canja fuska ga kowa ba. Kullum za ta durƙusa ta gaida Uwaliya, ta ɗora mata ruwan wanka, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Inna, ya jiki?" Kuma Zinnira tana da wani hali: in tana aiki, hankalinta na kan aikin. In shara take yi, tana ganin abin da take sharewa. Ko magen gidan ba ta mantawa da ita, sai ta rage mata ƙanzo.

Magen ce ta fara ba ta tsoro. Da, a ƙafafun Inna take kwana. Yanzu sai ta zo bakin ƙofar ta tsaya, ta shinshina, ta ja da baya tana kuka. Washegari Zinnira ta share matattun kyankyasai a dokin ƙofar. Bayan su sai tsaka, a bushe, cikinta a sama. Ta kuma lura in an fito da Inna gindin darbejiya takan ɗan farfaɗo har ta yi hira, amma da ta kwana a ɗaki sai jikin ya rikice.

Uwaliya kuwa ta yanke nata hukuncin. Ta ce ba za a ƙara fito da Inna ba, mugun ido ya yi yawa a gidan. Ta rufe taga, ta saki labule. Ita ke dafa komai yanzu, amma Inna sai ƙara narkewa take yi, ita kanta Uwaliyar ta fara ɗaure kai da ɗankwali saboda ciwon kai. "Kun gani ko? Abin ya fara taɓa ni ni ma!"

Zinnira ba ta ɓoye abin da ta gani ba. "Malam, akwai wani abu a ɗakin nan. Ko mage ba ta shiga."

Idonsa na kan waya. "Haba Zinnira, mage kuma? Don Allah ki bar maganar nan."

Ran nan da hantsi Uwaliya ta fita karɓo rubutu. Zinnira na wanke-wanke sai ta ji gidan ya yi wani irin tsit. Tarin Inna da ta saba ji ta bayan labule ya ɗauke. Ta kira, ba amsa. Ta ƙara kira, ba amsa.

Ta san abin da ke jiranta in ta ɗaga labulen nan: Durun, da sunan mai barbaɗe har ta mutu. Ta tuna Mudassir, wanda take yi wa so na gaske. Ta ce bismillah, ta shiga.

Wani wari kamar na tafarnuwa ya shaƙe ta. Inna na kwance, numfashi sama-sama, a bayan gadonta kuma buhunan wake jibge. Zinnira ta goya ta, ta fito da ita gindin darbejiya, tana yi mata fifita tana kuka.

A haka Uwaliya ta same su. Ihunta ya tara maƙwabta, aka kira Mudassir a waya, ya iso a guje.

"Ka sake ta yanzu! Yanzun nan, a gabana!"

Mudassir ya dubi uwarsa, ya dubi matarsa.

Zinnira ta share hawaye. "Malam, in sakin ne ka yi, ba zan riƙe ka ba. Amma ka fara gaya mini, me aka sa a buhunan waken nan?"

Nan take Mudassir ya tuna. Shi da hannunsa ya naɗe ƙwayar maganin ƙwari, wadda manoma ke ce wa bom, ya cusa a kowane buhu. Shi ya kinkimo su ɗakin Inna, don ta ce abincin gida ba ya kwana nesa da ita. Mai maganin ya gargaɗe shi kar ya ajiye inda mutum ke kwana, amma lokacin yana waya a kan hidimar biki, ya ce to, bai ji ba.

"Innalillahi! Ni ne, Yaya. Ni ne na kusa kashe Inna!"

Aka garzaya asibiti a Gwarzo. Likita ya ce hayaƙin maganin ne, da ta ƙara kwana a rufe da sai dai wani labarin. Zinnira ce ta yi jinyar har aka sallamo su.

Uwaliya ta kama hannunta tana kuka. "Ki yafe mini, ƙanwata. Na zalunce ki."

"Ba komai, Yaya. Tsoron rasa Inna ne ya sa ki."

Mudassir kuwa ya fi kowa jin kunya. "Sori ba za ta isa ba, Zinnira. Kin gaya mini, ban saurara ba."

"To daga yau ka riƙa saurara, Malam. Shi ke nan abin da nake so."

Jama'a, mu riƙa kyautata wa na kusa da mu, mu faɗi gaskiya ko tana da tsada, mu kuma sa hankalinmu a inda muke. Gidan nan cike yake da masu son Inna, amma wadda ta tsaya ta duba ita ce ta cece ta.

An kwashe buhunan, an bar ɗakin a buɗe ya sha iska. Inna ta ce ba za ta shiga ba sai mage ta shiga. Ranar da magen ta haye gado ta miƙe, Inna ta yi dariya ta ce, "Auta, kira mini 'yata ta dama mini kunu." Da aka kawo, Mudassir ne ya fara miƙa hannu.